Yadda Ake Horar da Duƙushi Har Ya Zama Dokin Hawa Mai Laushin Baki

Mafi yawan dawakin da ake cewa suna da taurin baki, ba haka goɗiya ta haife su ba. Hannun mutum ne ya mayar da su haka. Duƙushin da aka cusa wa linzami mai kaifi tun bai san me ake nufi da ja ba, aka haye shi aka tsira masa ƙaimi, abu biyu zai koya: ya dake ya daina jin zafin, ko ya riƙa tabarya da tutsu don ya kuɓuta. Duka biyun ba su da amfani ga wanda zai shiga tsakiyar jama'a ranar hawan sallah.

Akwai wani fannin hawan doki da ake kira diresaj, wanda ya taso daga horon dawakin sojojin Turai. Ya shiga wasannin Olamfik a 1912 a birnin Stockholm, kuma sai a 1952 aka buɗe shi ga mata da farar hula. A gasarsa, mahayi yakan shiga fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, ya sa doki ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya karkata, ya tsaya cak, alƙalai suna ba da maki daga 0 zuwa 10. Idan mahayin ya yi wa doki magana da baki a rage masa maki, idan aka ga jini a bakin dokin a fitar da shi. Ba gasar ce ta dame mu a nan ba. Abin da ya kamata mu ɗauko shi ne tsarin koyarwar, domin dokin da zai bi sarki a Hawan Daushe da wanda zai shiga gaban alƙalai a Jamus, hanyar da suke fahimtar mutum ɗaya ce.

Fara da shekaru da lafiya

Kafin ka biya kuɗin duƙushi, ko a Maigatari ne ko a bargar wani, buɗe bakinsa. Haƙoran gaba na tsakiya sukan famfare su fito na girma a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. A shekara biyar baki ya cika. Dillali zai iya ƙara wa doki shekara ko ya rage, haƙori ba ya yin haka. Wannan lissafin yana da muhimmanci saboda ƙasusuwan gadon bayan doki su ne na ƙarshe wajen ƙosawa, sai wajen shekara biyar zuwa shida. Aikin ƙasa ana iya fara shi tun yana ɗan shekara biyu, amma hawa a bari sai ya cika uku, shi ma kaɗan-kaɗan. A tsohuwar makarantar hawan doki ta Vienna, sai ingarma ya kai wajen shekara huɗu ake soma masa karatu, kuma yakan shafe kusan shekara shida kafin a ce ya sauke.

Ka san nauyin dokinka. Ba sai da sikeli ba: auna kewayen ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama, da santimita, ka ninka adadin da kansa, ka sake ninkawa da tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, sannan ka raba da 11,880. Dokin da kewayen ƙirjinsa 160 ne, tsawonsa 150, zai kai kilo 320 da 'yan kai. Daga nan ake lissafin abinci da magani da ma nauyin da zai ɗauka. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce mahayi da sirdi da duk kayan ado kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki. Wanda ya san nauyin sirdinmu na katako da jalala da sauran kaya, zai gane cewa ƙaton mutum ba shi ne ya dace da hawan farko ba.

Abinci

Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga sai dai ya wuce ta baya. An halicce shi ya yini yana tsintar ciyawa, ba ya cika ciki sau biyu kamar mutum ba. Don haka ginshiƙin abincinsa shi ne ciyawa da ingirici da harawa, wajen kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a kullum. Dokin kilo 320 yana bukatar kilo shida zuwa bakwai na busasshen abinci, mafi yawansa ciyawa. Gero da dawa ƙari ne gwargwadon aikin da yake yi, a raba su sau uku, kada a zuba masa tiya guda ya cinye a zama ɗaya. Da yawa daga cikin dawakin da ake kira masu zafin kai, hatsi ne ya yi musu yawa, ga shi suna ɗaure a turke ba kilisa. Rage gero, ƙara ciyawa, ka ga yadda halin zai sauya cikin mako biyu.

Dusa ita kaɗai tana da illa idan ta yi yawa, domin sinadarin fosforas ɗinta ya rinjayi kalsiyam, kuma a kan lokaci ƙashi yana yin laushi, fuska ta kumbura. Harawar wake da ta gyaɗa suna gyara wannan, shi ya sa haɗin da iyayenmu ke yi na dusa da harawa yake da hikima. Amma sunsuna harawa kafin ka zuba. Wadda ruwa ya taɓa ta yi fumfuna, zubar da ita ya fi arha a kan jinya. Ka kiyayi ɗanyen karan dawa, musamman gyauro da wanda fari ya tsumburar, yana ɗauke da guba. Kada ka zuba abinci a kan rairayi, domin yashin da yake haɗiya yana taruwa a hanji ya jawo ciwon ciki. Rabin duro ko tsohuwar taya da aka shimfiɗa wa buhu sun isa. Duk sauyin abinci, ko daga busasshiyar ciyawa zuwa ɗanya da farkon damina, a yi shi sannu cikin kwana bakwai zuwa goma.

Ruwa kuwa, lita 20 zuwa 40 a rana, ya fi haka a watannin bazara. Gara ya kasance a gabansa kullum da a riƙa kai masa sau biyu. A ajiye masa gishiri ya lasa da kansa. Kanwa al'adarmu ce, amma kaɗan, kuma kada ruwan kanwa ya zama shi kaɗai ne ruwan da ke gabansa.

Ka haddace alamun lafiyarsa tun yana lafiya: zafin jiki tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Dasashi ya zama mai ruwan hoda da damshi. Idan ka tsunkuli fatar wuya ka saki ba ta koma nan take ba, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa. Dokin da ya ƙi cin abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana kwanciya yana tashi, kwashe abincin gabansa ka kira likitan dabbobi, kada ka tsaya ɗura masa abubuwa. Ɗurin da ya kuskure hanya huhu yake tafiya. Ka nemi a yi masa rigakafin tetanus, domin doki na cikin dabbobin da wannan ciwon ya fi kamawa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Kaska a cire kullum. Da damina kuma ƙananan ƙwarin da ke cizo da magariba da asuba su ne ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, saboda haka a shigar da doki rumfa kafin faɗuwar rana, a nisanta turke da kwatami.

Kofato a share shi kullum, a gyara shi duk mako shida zuwa takwas. Turamen haƙori kuma sukan yi kaifi su yanki kumatu, a sa likita ya duba sau ɗaya a shekara ya goge. Dokin da ke kaɗa kai da zarar an taɓa linzami, fara da bakinsa kafin ka zargi halinsa.

Darasin farko: matsi da saki

Duk abin da za ka koya wa doki har ƙarshen rayuwarsa, a kan wannan yake. Doki ba ya koyo daga matsin da ka yi masa, daga sakin yake koyo. Ka ɗan ja ragama, yana neman hanyar da matsin zai gushe. Zai gwada ja da baya, zai gwada ɗaga kai, can sai ya ɗan matso gaba. A daidai wannan ƙiftawar ka saki. Abin da yake yi lokacin da ka saki, shi ne ya ɗauka a matsayin amsa. In ka saki yana tirjewa, ka koya masa tirjiya. In ya ba da amsa daidai ka ci gaba da ja, ka koya masa cewa biyayya ba ta da riba, kuma daga nan taurin baki ke farawa.

Sa masa ragama, ka tsaya daidai kafaɗarsa ta hagu, kada ka tsaya gabansa sak ko bayansa sak, domin a waɗannan wurare biyu ba ya gani sosai. Koya masa abu biyar kafin ka yi tunanin sirdi: ya taho, ya tsaya, ya ja da baya taku biyu, ya kawar da ɗuwawunsa idan ka danna yatsa a haƙarƙarinsa, ya sunkuyar da kai idan ka ɗora hannu a ƙeyarsa. Kowanne ka fara da taɓi mafi sauƙi, ka ƙara kaɗan-kaɗan in bai amsa ba, ka saki da zarar ya motsa ko da taku rabi ne. Gobe ka sake farawa da taɓi mafi sauƙi. A haka dokin zai gane cewa in ya amsa da wuri, ba a kaiwa ga mai ƙarfin. Dannar yatsan nan a haƙarƙari, ita ce za ta zama dunduniyarka idan ka hau.

Yi komai ta ɓangaren hagu da na dama. Abin da doki ya koya ta gefe ɗaya ba lallai ne ya iya shi ta ɗaya gefen ba, sai an maimaita. Minti goma sha biyar sau biyu a rana ya fi awa guda a jere. Kuma ka daina a kan abin da ya yi daidai, ko da ƙarami ne.

A wannan lokacin ne ake saba masa da taɓi ko'ina: kunne, ciki, ƙarƙashin wutsiya, da ɗaga ƙafafu huɗu. Tunda a ƙasarmu ingarmu ake hawa, akwai batun cizo. Ingarman da ke wasa da baki a jikin mutum, kada a riƙa ba shi abinci a tafin hannu, kuma duk wanda ke shiga bargar ya bi doka ɗaya. In maigida yana hanawa yaron barga yana bari, dokin zai bi ra'ayin mai bari.

Kewaya da doguwar igiya

Samu igiya mai tsawon mita takwas zuwa goma, da wuri mai laushin ƙasa amma ba rairayi mai zurfi ba. Ka tsaya a tsakiya, doki yana kewaya ka, kai kana fuskantar haƙarƙarinsa, igiya a hannu ɗaya, doguwar tsumagiya a ɗayan don nuni. In ka karkata zuwa bayansa yana ƙara sauri, in ka matsa wajen gabansa yana ragewa. A ranakun farko sa wani ya riƙe shi ya kewaya da shi har ya gane. Kada ka taɓa naɗe igiya a hannunka.

A nan zai koyi murya: kalma ɗaya ta tafiya, ɗaya ta sassarfa, ɗaya ta tsayawa, kuma kada ka sauya su. A nan kuma kai za ka koyi kallon takunsa. Tafiya bugu huɗu ce, kowace ƙafa da nata. Sassarfa bugu biyu, ƙafar gaba ta hagu da ta baya ta dama suna sauka tare, sannan ɗayan biyun. Ƙaramar sukuwa bugu uku. Idan yana sassarfa ka ga kansa yana ɗagawa duk sanda wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar ce ke ciwo. Tsaya ka duba. Kewayawa tana gajiyar da gaɓoɓin ƙaramin doki, kada ta wuce minti ashirin, rabi hagu rabi dama.

Linzami da sirdi

Linzaminmu na gargajiya, mai harshen ƙarfe a cikin baki da zobe da ke kewaye haɓa, an ƙera shi ne don mayaƙin da hannunsa ɗaya ke riƙe da mashi, yana bukatar doki ya tsaya nan take. A bakin horarren doki da hannun gwani, taɓi kaɗan ya isa, ba laifi. A bakin duƙushi kuwa, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Fara hawa da ragama ma ya halatta. In za ka sa ƙarfe, nemi mai santsi mai gaɓa a tsakiya da zobe ɗaya a kowane gefe. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan dawakin polo a Kaduna da Kano da Katsina. Faɗinsa ya ɗan zarce bakin kaɗan ta kowane gefe, ya zauna yana taɓa kusurwar leɓe ba tare da ya ɗage ta sama ba. Igiyar da ke kewaye hanci, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga. Bar shi ya sa linzamin yana tauna na 'yan mintoci kullum, mako guda, ba a ja ba.

Sirdi kuma mataki-mataki: zubka ita kaɗai tukuna, a ɗora a sauke har ya daina kula ta. Sannan majayi, a ɗaure sako-sako, a yi tafiya da shi, a ƙara rami ɗaya. Wanda ya zarge majayi gaba ɗaya a ranar farko, shi ya haifi dokin da zai riƙa kumbura ciki yana cizo duk ranar da ya ga sirdi. Idan sirdi ya hau, duba cewa bai taɓa tozon kafaɗa da tsakiyar gadon baya ba. Yatsu uku su shiga tsakanin gaban sirdi da tozo. Bayan aiki ɗaga zubka ka kalli gumi. In ya jiƙe bai ɗaya, lafiya. In akwai busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙe, nan ne sirdi ke danna, kuma nan ne farin gashi ko gyambo zai fito. Kewaya shi da igiya da sirdi a bayansa, likkafu suna lilo, har ya saba.

Hawan farko

Mutum biyu ake bukata, wanda dokin ya sani yana riƙe da kai. Ranar farko mai hawa ya jingina cikinsa a kan sirdi kawai, ya sauka. Kashegari a yi taku kaɗan a haka. Sai ya yarda da wannan ta gefe biyu sannan a ƙetara ƙafa, a zauna a hankali, jiki a sunkuye, a miƙe sannu, domin abu mai tsayi a bayansa yana firgita shi. Mai ja shi ke ba da umarni a kwanakin farko, mahayi kaya ne kawai. Daga baya mahayi ya fara matsa ƙafa, mai ja ya taimaka, har dokin ya haɗa su biyun. Hular kwano ta hawan doki ba abin kunya ba ce a wannan matakin.

Gyara zamanka kafin ka nemi gyara doki. Kunne da kafaɗa da ƙugu da dunduniya su kasance a layi ɗaya. Gwiwar hannu a lanƙwashe, daga ita zuwa bakin doki layi miƙaƙƙe. Wanda ke riƙe kansa da linzami don kada ya faɗi, duk tangaɗin da ya yi bakin dokin ke biya. In ba za ka iya sassarfa hannu sake ba, sa wani ya kewaya da kai a kan tsohon doki har ka iya. Ƙaimi kuwa a rataye shi. Dunduniya ta isa.

Tsani mai hawa shida

Masu diresaj suna da jerin abu shida da suke bi, wanda ya samo asali daga ƙa'idojin horon dawakin sojan Jamus. Ba a tsallake na ƙasa a kama na sama. Share fili mai tsawon mita 40 da faɗin 20, ka sa tayoyi a kusurwoyi da tsakiyar kowane gefe. Bayan gari ko gonar da aka girbe ta wadatar.

Na farko daidaiton taku: ya riƙa tafiya da sassarfa da bugu ɗaya, ba gaggawa ba jan ƙafa, a miƙe ko a kwana. Ƙirga a ranka. Na biyu sakin jiki, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Alamunsa a fili suke: wuya ya miƙa gaba ya sauko, wutsiya tana lilo, yana furzar da numfashi, yana tauna linzami a hankali, kana jin bayansa yana kai ka yana kawo ka. Dokin da ya ɗage kai sama, ya lotsa baya, ido waje, ga mai kallo daga nesa ya yi kama da mai ƙarfi, amma tsoro ne ko zafi, kuma ba ya koyon komai a wannan halin. Manyan da'irori masu faɗin mita 20, sauya hannu akai-akai, da tafiya da linzami a sake, su ne maganin.

Na uku haɗuwar hannu da baki. Ba kai ke jawo kansa ba, shi ke miƙo wuya ya sami hannunka, ka ji ɗan nauyi daidai a hannu biyu wanda ba ya yankewa. Gwaji mai sauƙi: sassauta linzami sannu-sannu kana sassarfa. In ya bi shi ƙasa da gaba, kun fahimci juna. In ya fizge ko ya ƙara gudu, koma hawa na biyu. Tsayawa ma ba da hannu ake fara ta ba. Ka miƙe zama, ka ɗaure ciki, ka daina bin motsinsa, sannan ka rufe yatsu. Yana ragewa ka buɗe. Idan ka yi haka na ɗan lokaci kaɗan ba tare da ka tsayar da shi ba, ka sami abin da masu diresaj ke amfani da shi kafin kowace kwana da kowane sauyin taku, wato gargaɗin cewa wani abu na zuwa, ka tattara kanka.

Na huɗu ƙarfin da ke tasowa daga ƙafafun baya, wanda ba gudu ba ne. Ana gina shi da yawan sauyi: tafiya zuwa sassarfa, sassarfa zuwa tafiya, tsayawa, a sake, sau da yawa a zagaye ɗaya. Hawan tudu a tafiya yana ƙara shi. Ƙaramar sukuwa a nemi ta a kwana: ƙafarka ta ciki a kan majayi, ta waje ta ɗan koma baya, ka matsa. In ya tashi daidai, ƙafarsa ta gaba ta cikin da'ira ce za ta riƙa zarcewa.

Na biyar miƙewa. Kowane doki yana da gefen da ya fi masa sauƙi, kamar yadda mutum ke da hannun dama. Duba sawunsa a ƙasa: na baya ya bi layin na gaba. Koya masa matsawa gefe yana tafiya gaba, ka danna da ƙafar hagu ya gusa dama, taku biyu ko uku, ka saki. Wanda ya taɓa shiga cunkoson dawaki a ƙofar fada ya san darajar dokin da ke kaucewa da taɓin dunduniya. Bayan watanni sai a shiga darasin da wani malamin hawa na Faransa, La Guérinière, ya shahara da shi a ƙarni na 18: a shigo da kafaɗun doki cikin fili kaɗan, ƙafafun baya suna kan layi, yana tafiya a haka. Yana tilasta ƙafar baya ta ciki ta shiga ƙarƙashin jiki ta ɗauki nauyi.

Na shida tattaruwa, inda nauyi ke komawa baya, gaba ya yi sauƙi, wuya ya tashi ya lanƙwasa da kansa. Wannan shi ne kyan da kowa ke so, kuma shekaru yake ci. Ɗaure kan doki da igiya zuwa ƙirji yana kawo kamanninsa a hoto, amma bayan dokin yana nan a lotse. Zamiya ma, wadda ake burge jama'a da ita wajen jafi, asalinta aikin ƙafafun baya ne. Dokin da ya bi tsanin nan zai zame da zaman mahayi da taɓin yatsu. Wanda bai bi ba sai an fizge shi, baki ya yi jini, gaɓoɓin baya su lalace tun yana ƙarami. Kada a nemi zamiya a wajen dokin da bai cika biyar ba, kuma ba a kan kwalta ba.

A mako, kwana huɗu na darasi sun isa, kowanne minti talatin zuwa arba'in: goma na farko tafiya, goma na ƙarshe tafiya. Kwana biyu kilisa a daji tare da natsattsen tsohon doki, kwana ɗaya hutu, amma hutun ba a turke ba, a sake shi ya yi birgima. Da bazara a yi aiki bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Sabawa da ganga da bindiga

Hawan sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, jarrabawa ce da ta fi ta kowane filin gasa tsanani: tambura, kakaki, algaita, 'yan bindiga, laima, guɗa, ga ɗaruruwan ingarmu a matse. Ba a kai duƙushi can don ya saba. Watanni kafin sallah, sa yaro ya kaɗa ganga daga nesa yayin da dokin ke cin abinci. In ya ɗaga kai ya koma ci, gobe a matso. In ya daina ci yana zagaye turke, an yi kusa da yawa, a ja baya. Dabara mai kyau ita ce a sa mai gangar ya yi gaba, dokin yana bin sa. Abin da ke gudunsa ba ya ba shi tsoro kamar abin da ke tunkaro shi. Haka za a yi da laima, da babbar riga mai kaɗawa, da babur. Ƙarar bindiga a fara da tafa katako biyu, daga nesa, kusa da dokin da ya riga ya saba. Kayan ado a sa su ɗaya-ɗaya a ranaku daban-daban, musamman masu ƙara da masu rufe fuska.

Shekarar farko a kai shi gefen gari ya ji hayaniya daga nesa, a riƙe da ragama, a dawo da shi. Shekara ta biyu ya shiga ƙaramin hawa na hakimi, da zagi a gefensa. Idan ya firgita kana kai, kada ka ja linzami biyu ka matse ƙafa, hakan ke kawo tabarya. Karkata kansa gefe ɗaya, ka kawar da ɗuwawunsa kamar yadda ka koya masa a ƙasa, ka bar shi ya motsa a ƙaramar da'ira har ya huce.

Ranar hawa a ba shi ciyawa da ruwa da sassafe, hatsi kuwa a ba da tazarar awa uku kafin sirdi. Duk inda aka tsaya jira, sauka ka sassauta majayi ka nemi inuwa. Maganar cewa dokin da ya yi gumi ba a ba shi ruwa, binciken likitocin dawaki bai goyi bayanta ba. Ƙishirwa ce ke kashewa. A ba shi ya sha, a kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, a maimaita har numfashinsa ya sauko. Da dare shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa zuwa kofato kana neman zafi ko kumburi, buɗe baki ka duba kusurwar leɓe da harshe da haɓa, danna gadon baya ka ga ko zai noƙe. In ka sami rauni a inda sirdi ko majayi ke zama, wannan dokin ba zai fita hawan kashegari ba, ko da an riga an ɗinka masa kaya. Bayan kwanakin sallah a rage masa hatsi zuwa rabi tunda aiki ya ragu, a ba shi mako guda na tafiya kawai da ragama, sannan a koma fili a ɗora daga da'irar mita 20 da linzami mai santsi.